Randar Roba A Ɗakin Kwamfuta

Duk lokacin da muka gaya wa baƙo cewa a Ƙanƙara muke koyarwa, in dai cikin bazara ne, sai ya yi dariya ya ce ashe mu kam mun huta da zafi. Mukan taya shi dariyar, domin ba a musu da mai barkwanci. Amma wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a ajin kwano na garin nan da misalin ƙarfe ɗaya na rana cikin watan Afrilu, ya san cewa a nan suna bai zama linzami ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne mu ba 'yan'uwa marubuta labarin faman da muka sha da wani ɗaki wanda kwamfuta ke hura wa zafi, da yadda muka sayo fanka mai shan ruwa don ta raba mu da shi, ta kusa jawo mana abin da za mu daɗe muna da-na-sani. Wataƙila mai karatu ya ce, me ya haɗa mujallar adabi da fanka? To, a yi mana haƙuri. Yau da wuya a sami marubucin da aikinsa ba ya ratsawa ta cikin kwamfuta kafin ya isa hannun jama'a, ita kuwa kwamfuta a ɗaki take zama, ɗakin kuma a ƙasar Hausa aka gina shi, ƙarƙashin ranar da duk muka sani.

Daga Sabuwa Zuwa Faskari

A Sabuwa muka fara aikin koyarwa bayan mun kammala difiloma a fannin ilmi. A wancan lokaci da biro muke rubutu cikin littafin 'yan makaranta, in ya cika mu sayi wani. In albashi ya shigo sai mu hau mota mu bi ta Ɗandume zuwa Funtuwa, mu kai wa masu shagon buga takardu su buga mana, muna biya shafi shafi. A nan muka fara lura da wani abu. Shagon ɗan tsukut ne, kwamfuta uku da injin hoton takardu guda, amma ya fi shagon telan da ke jikinsa zafi nesa ba kusa ba, alhali kuwa kwano ɗaya ne ya rufe su duka biyu. Yaron da ke buga mana aiki kullum da tawul a wuya. Ba mu taɓa tambayar dalili ba, domin hankalinmu yana kan ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yakan buga mana su babu lanƙwasa, har zuwa ranar da aka sa wa kwamfutocin shagon haruffan Rabi'at, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro tun a shekarun 1990.

Da aka yi mana canjin wurin aiki zuwa Faskari, sai muka shiga adashi. Ranar da muka kwasa muka sayo tamu ta kanmu, 'yar gwanjo, mai ƙaton gilashi da doguwar ƙeya irin ta talabijin ɗin da. Muka girke ta a ɗakin kwana. Ba ta yi mako biyu ba uwargida ta raɗa mata suna Amarya, wai don ta zo ta raba ta da miji da dare, ga shi kuma ta cika ɗaki da huci. Mu dai muka ɗauki zancen kishi ne.

Wani dare cikin bazara muna tsakiyar wani labari da muka yi shekara ɗaya da rabi muna saƙawa, sai Amarya ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, ta ɗauke ɗif. Ba wuta aka ɗauke ba, domin ga ƙwan fitila yana ci. Ta sha yin haka a baya, mu jira ta huce mu kunna. Wannan karon ta ƙi tashi. Da muka kai ta wurin mai gyara ya kwance murfin, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fankarta ta ciki kamar audugar Daudawa. Ya ce mana ƙurar hunturu ce ta shekaru ta toshe mata numfashi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ji shi, in zafinta ya doshi digiri 100 takan kashe kanta don kada ta ƙone, kuma wannan mutuwar ba-zata da ta yi ta yi, ita ce ta illata ma'ajiyar da rubutunmu ke ciki. Labarin nan bai dawo ba har yau. Mun gwada sake rubuta shi sau biyu, amma mutanen cikinsa sun ƙi yin magana kamar yadda suka yi da farko.

Darasin da muka saya da wannan tsada shi ne, kwamfuta 'yar murhu ce. Duk lantarkin da ta ci, da zafi take amayar da shi cikin ɗaki, ba ta rage komai. Uwargida ta rigaye mu ganewa.

Ɗakin Da Aka Toshe

Daga Faskari aka turo mu Ƙanƙara, ta hanyar Sheme muka shigo da 'yan komatsanmu. Hausa muke koyarwa, amma da shugaban makaranta ya ji cewa mun taɓa mallakar kwamfuta, sai ya damƙa mana makullin ɗakin kwamfuta. Ba ƙaramin nauyi ba ne. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kan kwamfuta. Ma'anar wannan a garuruwa irin namu ita ce, yaro zai iya haddace littafinsa tsaf, ya je ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa a kan linzamin da bai taɓa riƙewa ba, lokaci ya ƙare masa yana neman inda zai danna.

Kwamfutoci goma ne a ɗakin. Tagoginsa huɗu ne a asali, amma an toshe biyu da bulo don tsoron ɓarayi, sauran biyun an sa musu ƙarfe, ƙofa kuma ta ƙarfe ce. Rufin kwano ne, silin ɗinsa rabi ya zube. Akwai farantan sola da batura da za su iya ɗaukar kwamfutocin, amma ba za su iya ɗaukar iyakwandishan ba, domin ko ƙaramarta takan ci wat 800 zuwa 1,000. Janareta kuwa, tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku, sai ya koma abin kallo a sito.

Da a da ne, maganin mai sauƙi ne. Dare shi ne sanyin talaka. Sai a ce yara su dawo bayan Isha'i, a buɗe taga, a yi karatu har ƙarfe goma. To, amma tun daga daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke garin nan, babu uban da zai bar ɗansa ya fita karatun dare, babu kuma malamin da zai nemi a yi haka. An sako yaran bayan kwana shida, amma daren bai dawo hannunmu ba. Abin da ya rage mana shi ne rana.

Haka muka shiga bazarar 2024. An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, jarrabawa kuma tana cikin Afrilu. Shekarar ce aka yi zafin da ya game yankin Sahel, har a garin Kayes na ƙasar Mali ma'auni ya nuna digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Ɗalibai talatin muke da su masu shirin jarrabawa, uku uku a kan kowace kwamfuta. Kafin azahar sai ka ji kwamfutocin sun fara gurnani, sa'an nan su soma mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa gabanmu na faɗuwa, domin mun san wannan ƙarar tun daga Faskari.

Malamai suka yi karo-karo, muka tafi Kano. A Kasuwar Sabon Gari wani ɗan kasuwa ya nuna mana fanka mai shan ruwa, ya dafa kanta ya ce, "Malam, wannan ai iyakwandishan ce ta talaka. Zuba ruwa, jefa ƙanƙara, rufe ƙofa, sai ka nemi bargo." Tsawonta ya kai ƙugun mutum, tana da tayoyi huɗu da ake tura ta ɗaki ɗaki, da tanki mai cin lita 20. A cikinta akwai ɗan famfo da ke ɗaga ruwa yana jiƙa wani allo mai huda-huda kamar saƙar zuma, fanka kuma tana janyo iska ta cikin hudojin nan ta feso wa mutane. Duk abin da take ci bai kai wat 100 ba. Takardar bayanin da ke cikin kwalin Turanci ce da rubutun Sin, muka ninke ta muka sa a aljihu.

Ranar Da Muka Rufe Taga

Ranar farko ba mu sami sukunin yin dabara ba. Muka ajiye ta a bakin ƙofa, ƙofar a buɗe, muka kunna. Kai, iskar da ta fito kamar ta bakin rafi da sanyin safiya! Yara suka yi ta murna, kwamfuta ɗaya ce kawai ta mutu a ranar.

Rana ta biyu wayo ya zo mana. Muka tuna maganar ɗan kasuwa, muka ce ai ɓarna ce a bar wannan sanyi yana zurarewa waje. Muka shigo da ita tsakiyar ɗaki, muka rufe tagogi biyun nan, muka ja ƙofa, har tsumma muka cusa a ƙarƙashinta. Muka aika aka sayo ƙanƙara ta leda muka jefa cikin tanki. Rabin awa na farko lafiya lau. Daga nan sai iskar ɗakin ta fara nauyi. Gumi ya keto wa kowa amma ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya, takardun da ke kan tebur suka yi laushi har injin bugawa ya riƙe ɗaya ya ƙi saki. Mu kuwa maimakon mu gane, sai muka ƙara wa fankar ƙarfi.

Muna bayanin yadda ake komawa tambayar baya, sai muka ji ƙarar kujera. Wata yarinya ce a layi na uku ta sulale ƙasa. Ɗaki ya rikice da salati. Baba maigadi ne ya banko ƙofar daga waje, bai ce da kowa komai ba ya nufi tagogi ya ɓalle su. Wata malama ta zo aka kama yarinyar aka kai ta gindin darbejiya, aka yayyafa mata ruwa, aka yi ta yi mata fifita har ta buɗe ido. Dole ta karya azumin ranar.

Da ƙura ta lafa, Baba ya tsaya yana kallon fankar, ya leƙa bayanta, ya taɓa allon nan mai jiƙe. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Malam, Allah ya gafarta maka, kai da ilminka? Ka taɓa ganin an kafa randa a ƙuryar ɗaki an rufe ƙofa? A inuwa ake kafa ta, inda iska ke wucewa. Wannan abin naku ai randa ce aka yi da roba."

Muka ce, "Baba, gaskiyarka." Ba mu da abin da ya wuce wannan.

Da la'asar mahaifin yarinyar ya zo a kan keke daga ƙauyensu. Mun san shi, mun kuma san cewa masara ya sayar ya biya mata kuɗin jarrabawa. Mun shirya wa faɗa, muka tare shi da ban haƙuri. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, "Malam, amana na ba ku, na kuma san ba da gangan ba ne. Abin da ya kawo ni shi ne, kada a ce don ta faɗi za a cire ta daga layi." Da faɗan ya yi da ya fi mana sauƙi. Daren nan ba mu runtsa ba.

Lissafin Malamin Kimiyya

Washegari muka sami abokin aikinmu mai koyar da kimiyya, muka ce ya zauna ya yi mana bayani kamar 'yan aji ɗaya. Ya ɗauki alli, kuma ga abin da ya rubuta, mun kawo shi nan domin duk mai ɗakin rubutu zai amfana.

Da farko ya lissafa masu hura wutar. Kwamfuta ta tebur da gilashinta takan ci kimanin wat 120, goma ke nan sun ba da 1,200. Sa'an nan ya ce mu ƙirga mutane, domin jikin ɗan Adam ko yana zaune yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100. Yara talatin sun ba da 3,000. Jimilla 4,200, ban da abin da kwano ke kwararowa daga sama. Ashe kwamfutocin da muke ta zargi ba su kai rabin abin da mu kanmu muke zubawa a ɗakin ba.

Daga nan ya juya kan ruwa. Ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi, kuma daga abin da ke kusa da shi yake karɓa. Wannan ne ya sa gumi ke sanyaya jiki, shi ne kuma ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi: yumɓu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa, iska na kwashe shi, shi kuma yana tafiya da zafin na ciki. Lita ɗaya in ta bushe ƙarƙaf takan tafi da zafin da ya yi daidai da wat 670 na tsawon awa guda. Watau ɗakinmu yana bukatar a busar da fiye da lita shida kowace awa. Fankarmu kuwa mun auna, lita biyu take sha a awa. Malamin ya ajiye alli ya ce, "Ka ga ta biya bashin kwamfutoci, ta bar na mutane."

Muka ce to, ƙanƙarar fa? Ya yi murmushi. Ya ce zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke sha kafin ya narke bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na abin da lita ɗaya ta ruwa ke sha kafin ta bushe ba. A ɗaki irin namu, kilo guda ba zai tare zafin minti biyu ba. Kuɗinmu kawai muka narkar.

Babban abin da ya fahimtar da mu shi ne inda zafin yake zuwa. Ba mutuwa yake yi ba. Iyakwandishan tana ɗibarsa ne daga ciki ta tura shi waje, shi ya sa take da rabi a bayan bango mai huci, shi ya sa kuma ake rufe mata ƙofa. Ita kuwa fanka mai shan ruwa ba ta da rabi a waje. Tana ɗora zafin ne a kan tururi, tururin kuma yana nan cikin ɗakin. In taga a buɗe take, ya fice da kayansa. In an rufe, iska ta ƙoshi da laima har ta kasa karɓar ƙari, sai fankar ta daina sanyayawa, abin da ya fi muni kuma, gumin jikin mutane shi ma ya daina bushewa. Mun toshe wa yarinyar nan hanya ɗaya tak da jikinta ke da ita ta fitar da zafi, ga azumi a bakinta.

Ya ƙara da cewa lokaci ma yana da nasa hukuncin. A watan Maris, in zafi ya kai digiri 40 iska kuma a bushe take ƙayau, fanka mai kyau tana iya fito da iskar da ta sauko ƙasa da digiri 30. Amma da zarar iskar damina ta fara kaɗowa da danshinta, da kyar za ta rage digiri biyu ko uku. Don haka mutumin Legas da ya saya zai ce an cuce shi, mutumin Katsina kuwa zai sa albarka, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa.

Wani abin da zai ba marubuta sha'awa shi ne, ita kanta iyakwandishan saboda takarda aka fara ƙera ta. A shekarar 1902 wani injiniya mai suna Willis Carrier ya tsara ta don wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka, inda laimar iska ke sa takarda ta kumbura, launuka su ƙi hawa daidai. Tsotse laima ne aikinta na asali. Tamu kuwa ƙara laima take yi. Mun ɗauki abu biyu masu hali daban muka yi musu hukunci ɗaya, don kawai ɗan kasuwa ya kira su da suna ɗaya.

Ilmin Da Muka Baro A Gindin Randa

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, babu ko ɗaya cikin wannan bayani da ba mu tashi muna gani ba. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, a gindin bishiya take kafa randa a kan jiƙaƙƙen yashi, kuma ba ta yarda a shafa wa randar ruwan sha siminti ko fenti. Fatake sukan rataye salka a inda iska ke bugunta. Masu sayar da kayan gwari sukan lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara. A gidajen da, in zafi ya tsananta, akan yayyafa wa asabarin ƙofa ruwa. Magina kuma sun san dalilin da ya sa suke yin soro da kauri, su yi masa 'yan tagogi a sama inda iska mai zafi ke taruwa. Duk mun ga wannan, amma ranar da abin ya zo mana cikin kwali da rubutun Turanci, sai muka kasa gane ɗan gida.

Akwai malamin makaranta irinmu da bai yi wannan mantuwa ba. Marigayi Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse ta Jihar Jigawa, ya ɗauki tukunya biyu, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A cikin ƙaramar, yalon da kan lalace cikin kwana uku ya kai kwana 27. Ya sa magina suka gina dubbai aka rarraba a ƙauyuka, a shekarar 2000 kuma aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Ilmin gindin randa ne ya kai shi gaban duniya. Har manyan rumbunan kwamfutoci na ƙasashen waje, inda ake ajiye abin da muke aikawa ta intanet, da yawansu da busar da ruwa ake sanyaya su. Girma ne kawai ya bambanta su da randar Inna.

Abin Da Muka Yi

Ba mu sayi komai sabo ba. Mun raba yaran gida uku, goma goma, kowa da kwamfutarsa, kowane rukuni awa guda, muna farawa tun ƙarfe bakwai na safe mu tashi kafin rana ta take. Da wannan kaɗai zafin ɗakin ya ragu da kusan rabi, yaran kuma suka fi samun riƙe linzami. Mun mai da fankar bakin taga ta gabas, bayanta na shaƙar iskar waje, muka bar ƙofa a buɗe don iska ta ratsa ta fice. Ba kwamfutoci take fesawa ba, mutane take fesawa, domin laima da ƙarfe ba sa ga maciji. Mun roƙi shugaban makaranta aka fasa bulo biyu daga saman kowace toshasshiyar taga, ramin da ɓarawo ba zai shiga ba amma zafi zai fita. Mun rataya asabari a ɗaya tagar, Baba maigadi ya ɗauki nauyin yayyafa masa ruwa. Bangon yamma kuwa aka shafe shi da farar ƙasa, wadda Allah ya hore wa Ƙanƙara. Ran Asabar muka kwance murafen kwamfutocin muka kai wa mai faci ya hure su da iskar injinsa, ƙurar da ta fita sai wanda ya gani. Kowace Juma'a kuma mukan zubar da ruwan tanki mu wanke, don kada ya yi gansakuka ko ya zama gidan sauro.

Ba za mu ce ɗakin ya koma Jos ba. Ana gumi, amma gumin yana bushewa, kwamfutoci kuma suka daina mutuwa. Yarinyar nan muka sa ta a rukunin farko, kusa da taga. Da suka dawo daga jarrabawa muka tambaye ta yaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, hannuna bai yi rawa ba." Wannan ya ishe mu.

Da damina ta sauka, fankar ta koma kamar yadda malamin kimiyya ya faɗa. Muka kashe famfonta, muka tsiyaye tankin, ta ci gaba da aiki a matsayin fanka kawai, har kaka ta wuce iska ta sake bushewa.

Daga Ƙarshe

Ga ɗan'uwa marubuci mai shirin sayen irin wannan fanka don ɗakin rubutunsa, shawararmu ba ta da yawa. In kai kaɗai ne da kwamfuta ɗaya, za ta wadace ka tun daga ƙarshen hunturu har zuwa faɗuwar ruwan farko. Ka bar taga a buɗe, ka nisanta ta da littattafanka, ka hure kwamfutarka bayan kowane hunturu, kuma kada ka kwana rubutunka yana wuri ɗaya tak. In da hali ka koma kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda zafinta bai kai rabin na ta tebur ba.

Amma akwai wata shawarar da ta fi wannan nauyi a wurinmu. Takardar bayanin nan da muka ninke muka sa a aljihu, daga baya mun warware ta, kuma ga shi nan an rubuta a buɗe taga, cikin ƙananan haruffa da harshen da Baba maigadi ba ya ji, mahaifin yarinyar nan ba ya ji, ɗan kasuwar da ya sayar mana ma da alama bai karanta ba. Gidaje nawa ne a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara aka kunna irinta a rufaffen ɗaki, ga jariri a kwance? Mun cika kasuwa da labaran soyayya, ba kuma mu ce laifi ba ne, mu ma muna yi. To, amma wa zai rubuta wa Bahaushe da Hausa yadda ruwa ke tafiya da zafi, da yadda batirin sola ke mutuwa, da dalilin da ya sa ba a kwana da janareta a ɗaki? In mu ba mu yi ba, 'yan kasuwa ne za su ci gaba da yi mana bayani.

Mu dai mun fara. Mun rubuta shafi biyu, mun buga a ɗakin nan da kwamfutocin nan, mun manna ɗaya a jikin fankar, sauran mun raba wa yara su kai gida. Kafin mu buga sai da muka karanta wa Baba maigadi, ya gyara mana wuri biyu. Allah ya saka masa da alheri, ya kuma dawo mana da darenmu lafiya.